Turaku Bakwai na Baffa

Ranar da muka fara zaman makokin Baffa, wan mahaifina, a gidanmu na unguwar Utaibiyya a Makka, na lura da wani abu da ya tsaya mini a rai. Duk matar da ta hawo bene sai ta yi gaisuwa yadda ya kamata, ta karɓi gahawa da dabino, ta yi jugum na ɗan lokaci, sannan murmushi ya ƙwace mata. Maƙwabciyarmu Basakkwaciya, mai sayar da turare a hanyar Harami, ita ce ta fara fitar da abin da ke bakin kowa.

"Allah shi jiƙan Mai Jirgi," in ji ta. "Ya tahi bai hau ba."

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. A wurin maza ma, inda aka jera kujeru a lungu, maigidana ya ce haka aka wuni. Wani dattijon direba da iyayensa suka shigo ta Sudan ya ce, "Mutumin kirki ne wallahi, bas, sai dai akwai layin dogo a cikin kansa." Mutum ɗaya ne ya yi kuka har ya kasa magana, wani mai ɗaura tayil da Baffa ya yi wa aikin awo shekaru masu yawa. Da ya samu bakinsa, abin da ya ce kawai shi ne bai taɓa yanka tayil a kan awon Baffa ya yi asara ba.

Ban tanka wa kowa ba, don mai karɓar gaisuwa ba ta gardama da baƙinta. Amma ni ce na dafa masa na wanke masa shekara ashirin, ni ce kuma na yi masa rashin kunyar da ba wanda ya taɓa yi masa. Ba zan yarda a ajiye shi a matsayin abin ba'a na unguwa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Baffa ba ya cewa wuri yana kusa ko yana nesa. Taku yake faɗa. Daga ƙofarmu zuwa masallaci taku ɗari biyu da sha huɗu ne, in kuma aka ajiye mota a bakin lungu ta sa shi ya kewaya, sai ya dawo yana ƙorafin an ƙara masa tara. A aljihunsa na dama carbi, a na hagu tef ɗin awo. Da aikin Hajji ya shigo ƙasar nan, ya zauna kamar yadda da yawa daga cikinmu suka zauna, ba iƙama ta izinin zama, ba komai. Ya tura keken marasa ƙarfi a wurin ɗawafi, ya yi dako a Muzdalifa lokacin aiki, daga baya magina suka gane cewa tsohon nan idonsa ma'auni ne, suka riƙa kiransa shugul, wato aiki. Kalmarsa ɗaya ce a kan kowane al'amari: "A auna tukuna." Ko da aka zo neman auren 'yata abin da ya ce ke nan, har ta yi fushi ta ce da Larabcinta ita ba bango ba ce.

Ni kuwa bai taɓa kiran sunana ba. Sunan mahaifiyarsu na ci, don haka Uwata yake ce mini, ko da ina goye. A saman gadonsa akwai wani bututun roba mai tsawon hannu, an toshe bakinsa biyu, rataye da igiya. In ina shara nakan kaɗe masa ƙura, amma ban taɓa buɗewa ba, don tun ranar da ya tare a gidanmu ya ce a bar masa shi.

Sunan Mai Jirgi ya samo asali ne daga ƙuruciyarsa. A lokacin, wata gwamnati a gida ta yi shelar za ta shimfiɗa layin jirgin ƙasa mai tsananin gudu tun daga bakin teku har iyakar arewa, mutum ya karya kumallo a kudu ya yi azahar a garinsu. Aka kawo injiniyoyi daga waje, aka ɗebi samari aikin safiyo. Baffa ya fara da jan sarƙar awo, ya koyi duba na'ura, har ya zama shi ne gaba a ƙungiyarsu. Suka ratsa daji da gonaki suna kafa turakun siminti a inda layin zai bi.

In ya sha shayin la'asar yakan ba da tarihin abin, kuma ya iya bayarwa. Gwamnatin da ta yi alkawari ta tafi. Wadda ta gaje ta ta ce aikin ya yi tsada, ta kafa kwamiti. Kwamitin ya zauna har kujerunsa suka tsufa, sannan aka kafa wani don ya duba aikin na farko. Can kuma manya suka shiga, kowa yana son layin ya lanƙwasa ya biyo ta ƙofar garinsu, har Baffa ya ce da an bi son ransu da jirgin ya fi jaki daɗewa a hanya. Sau biyu aka yi bikin aza harsashi, kuma ya rantse dutse ɗaya ne, fenti kawai aka sake masa. Daga nan albashi ya tsaya, injiniyoyi suka naɗe kayansu, aka garƙame ofis. Duk wannan yakan faɗe shi yana dariya. Abu ɗaya ne ba a yi masa wasa da shi. In ka ce an fasa aikin, sai ya ajiye kofi ya gyara maka.

"Ba a fasa ba. Dakatarwa aka yi."

Da abin ya tsaya a magana, da ni ma na bi sahun masu dariya. Amma bakwai daga cikin turakun nan a gonarmu ta gandu suke, kuma ta tsakiyarta suka bi, ta gefen da ƙasar ta fi kyau. Kafin Baffa ya taho Makka ya kira mahaifina, wanda shi ne autansu, ya tsayar da shi a gonar ya ce, "Auta, kada ka cire turakun nan, kada ka sa garma a tsakaninsu, sai na ce." Mahaifina ya ce to. Sauran mutanen gari sun jira damina uku ko huɗu, suka tumɓuke nasu suka ɗaure awaki da su. Mahaifina kuwa ya riƙe wannan "to" ɗin sama da shekara talatin. A gidanmu ƙane ba ya ƙetare maganar wansa a kan gonar da ba a raba ba, ko da wan yana bayan teku.

Da aka fara gina tashar jirgi mai gudu a Rusaifa, wanda ke zuwa Madina, sai Baffa ya samu wurin zuwa. Kullum bayan la'asar yana kan wani ɗan dakali yana kallon magina, ya dawo ya ba mu rahoto kamar mu muka aike shi. Ranar da ya fara ganin jirgin ya fita, ya shigo gida fuskarsa tana haske, ya ce, "Uwata, ashe ana yi. Ba ƙarya muka auna ba." Hawa kuwa babu hali, don ba a yanka tikiti sai da takardar shaida. Wani ya taɓa yi masa tayin katin wani tsoho mai kama da shi. Baffa ya ce jirgin da ya jira tsawon rayuwarsa ba zai shige shi da sunan wani ba.

Faɗanmu ya zo ne bayan wata tafiya da na yi gida. Ni ina da iƙama ta wajen maigidana, ina zuwa ina dawowa, amma tun zuwana Makka ban taɓa komawa da damina ba sai wannan karon. Na bi mahaifina gona. Gero ya fi mutum tsawo dama da hagu, a tsakiya kuma ga wani dogon fili fayau, ciyawa kawai, da turaku bakwai an shafe su da farar ƙasa. Shi yake shafa musu duk shekara. Ƙannena duk sun yi aure a cikin gidan, bakuna sun yi yawa, rumbu yana ƙarewa tun kafin ruwan fari. Matan gidan suka ja ni gefe suka ce tun bazara suke awo a kasuwa, ga ƙasa tana kwance.

Na ce, "Baba, wannan fa?"

Ya ce, "Yaya bai ce ba."

"To ka tambaye shi mana."

"Ba a tambayar babba abin da ya riga ya faɗa."

Na dawo Makka a fusace. Ko abaya ban cire ba na faɗa ɗakin Baffa, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce yana nan yana cin shinkafa da kaza, jikokin ƙanensa suna kwana da kunu tsararo. Na ce jirginsa ya mutu tun ina goye, kowa ya sani sai shi. Na ce girman kai ne kawai, ba ya son ya yarda ƙuruciyarsa ta tafi a banza, shi ne ya ɗora wa bayin Allah. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Kwana uku bai taɓa abincina ba, sai ya sauka ya sayo gurasa da wake a bakin titi ya ci a ɗakinsa.

A rana ta huɗu da hantsi ya kira ni. Na tarar ya sauke bututun nan, ya shimfiɗa wata taswira a kan darduma, ya danne gefunanta da kofuna. Ta yi ja don tsufa. Ya nuna mini garinmu, ya nuna mini layi biyu. Ɗaya da jan tawada, miƙaƙƙe. Ɗayan da fensir, ya ɗan karkata ya bi ta gonarmu, sannan ya koma ya haɗu da na farko.

"Bi jan nan da yatsanki," in ji shi. "Ina ya ratsa?"

Na bi. Ya ratsa maƙabartar gabas da gari.

"Wadda kika ci sunanta tana nan," ya ce. "Ciyawa ta yi tsawo a shekarar. Sai da na ja sarƙar awo a kan kabarinta kafin na gane inda nake tsaye."

Ya ce kwana uku yana bin babban injiniya yana roƙo a kauce. Mutumin ya ce zai kauce in an samu mai ƙasar da ba zai tayar da rigima ba. Baffa ya ce akwai, tamu ce. Aka ja layin fensir a kan wannan taswira ta aikin daji, aka kafa turaku a gonarmu, da niyyar in an koma ofis a gyara babbar taswira. Kafin a gyara aka garƙame ofishin.

"Kin gane? A taswirar ofis har yanzu ta kan kaburburan layin ya bi. Duk ranar da wani ya tashi farfaɗo da aikin, ita zai ɗauko. Ba abin da zai shaida an kauce sai turakun nan da wannan takarda."

Na ce me ya hana shi gaya wa mahaifina. Ya ce da wane baki zai ce wa Auta ya taka uwarsu da sarƙa, kuma in gari ya ji an taɓa niyyar tone iyayensu, ba wanda zai sake barci. Ya roƙe ni in riƙe maganar muddin yana raye. Na yi kuka, na ba shi haƙuri. Amma ni ba mai iya haɗiye magana ba ce, don haka da na share hawaye sai na ce, "Na ji, Baffa. To rayayyun fa?"

Ya daɗe yana kallon takardar. Ya ce, "Shi ne abin da na kasa aunawa."

Muka zauna a haka shekara biyu. Na riƙa aika abin da ya sawwaƙa gida, shi ma ashe yana aikawa ta hannun maigidana ban sani ba, filin kuma yana nan kwance. Duk damina in ta kama sai in ji ba na son mu haɗa ido.

Wajen ƙarshen ranin bana wani tsoho ya zo Umara daga gida, ya yi ta cigiyar Mai Jirgi har aka rako shi Utaibiyya. Shi ne mai ajiye taswirori a ofishin nasu na da. Suka rungume juna, suka ci abinci, suka lissafa waɗanda suka rasu. Ina kawo shayi na ji Baffa ya tambaye shi babbar durowar taswirori.

Tsohon ya yi dariya. "Wace durowa? Rufin ya yi yoyo, gara ta ci rabi, sauran aka sayar wa masu tsire da ƙosai. Ni da kaina na sayi tsire a naɗe cikin gadar da muka zana. Ginin ma an rushe shi, shaguna ne yanzu a wurin."

"Ko kwafi ɗaya bai tsira ba?"

"Ko ɗaya. Na bincika da zan yi ritaya. In akwai wadda ta rage a duniya, to taka ce."

Na dubi Baffa. Labari ɗaya ya gaya masa cewa aikin ƙuruciyarsa ya ƙare a hannun mai tsire, ya kuma gaya masa ba sauran takardar da za ta kai kowa kan kabarin uwarsa. Ban san wanne zai fi ƙarfi a zuciyarsa ba, kuma na ji tsoro. Da baƙon ya tafi, ya sa takalmi ya nufi Rusaifa. Ya dawo kafin magariba ya ce in kira masa Auta, in sa yadda zan ji.

Suka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ce, "Auta, an fasa."

Ban taɓa jin ya amince da kalmar da bakinsa ba sai ranar.

"Ka cire turakun. Ka sa garma."

Sai muryar mahaifina ta fito, "To, Yaya." Daga nan suka koma zancen ko hadari ya fara haɗuwa.

Na zaci Baffa zai karye bayan wannan, amma bai karye ba. Aiki sabo ya samu. Duk Juma'a sai an kira gida ya ji inda geron ya kai, kuma ba ya karɓar "ya yi kyau" a matsayin amsa. Sai an sa sanda an auna. Ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya wuce kai, ya fitar da kai. Ƙasar da ta huta shekara talatin ta yi abin da ba a taɓa gani ba a gonar. Ya ji an yi girbi, ya ji an ɗaure dammuna. Bayan haka da 'yan makonni ƙirjinsa ya kama, kwana biyar ya yi a kwance, ya cika da hantsi ina riƙe da kofin ruwansa. Aka sallace shi a Harami bayan la'asar.

A rana ta uku ta zaman makoki, surukar ƙanena ta iso. Umara ta zo, ta fara sauka Madina ta yi kwanakinta, kuma lokacin da ta baro gida Baffa yana da rai. Maigidana ne ya ɗauko ta, a mota ya gaya mata. Ta shigo tana salati, ta zauna ta yi kuka, sannan ta jawo wani ƙaramin buhu ta ajiye a gabana. Gero ne tiya uku, da zangarniya ɗaya da ba a sussuka ba, mai tsawon kamu ɗaya da 'yan kai.

"Na layin ne," ta ce. "Babanki ya ce a ba Yaya a hannunsa, ya auna da kansa. Ya ce kuma a gaya masa shida ya cire. Ya bar na gabas, mai kallon makwancin Inna."

Na tashi na shiga ɗakin Baffa na kira mahaifina. Na ce, "Baba, dama ka sani?"

Ya ce, "Mutum ba ya karkatar da layi haka kawai. Shekarar da ya tafi na tsaya a turken farko na miƙe sosai ina takawa, na ga inda na faɗa. Bai so in sani ba, sai na bar shi a haka."

Na zauna a bakin gadon na yi kukan da ban yi ba tun ranar rasuwar. Wa da ƙane sun yi shekara talatin kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asiri ɗaya, ni kuwa na shiga tsakani da bakina ina kiran abin girman kai.

Da na fito na jiƙa geron, muka surfa, muka niƙa a injin markaɗe, na dama kunun tsamiya babbar tukunya. Aka sauke wa maza nasu, dattijon direban nan har ya nemi ƙari. Ina zuba wa mata sai na tambayi baƙuwar ko motar Madina ta wahalar da ita.

"Wace mota?" in ji ta. "A jirgin nan mai gudu muka zo. Ko shayin da ke gabana bai motsa ba. Buhun ma ban yarda an sa shi wurin kaya ba, a cinyata ya zo har Rusaifa."

Na cika kofi na miƙa wa maƙwabciyata Basakkwaciya. Ta karɓa da hannu biyu, ta daɗe tana kallon cikinsa, ba ta yi murmushi ba wannan karon.

Taswirar tana wurina, na mayar da ita bututunta, na sa zangarniyar a ciki. Kafin in rufe na ɗauko tef ɗinsa na auna zangarniyar, na rubuta tsawon a bayan takardar, don na san zai tambaya. Allah Ya yalwata masa makwanci, Ya haɗa shi da uwar da ya tsare wa nata, Ya ba mahaifina haƙurin rashin wanda yake ce wa to.